KASET ƊIN MASOYA A MA'AUNIN NAZARI: ZAƁE DA JERI A LITTATTAFAN HORNBY DA SHEFFIELD

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba wani ɗan ƙaramin abu wanda manazarta adabi ba su cika waiwayarsa ba, wato kaset ɗin da mutum kan zauna a ɗaki ya tsinto waƙoƙin mawaƙa daban-daban ya naɗa a ciki, sa'an nan ya miƙa wa wanda yake ƙauna. Don sauƙin magana za mu riƙa kiransa kaset ɗin haɗi. Wannan al'ada ta yi tashe ƙwarai a Ingila da Amurka tun daga shekarun 1970 har zuwa ƙarshen shekarun 1990, kuma a can aka fi yin rubuce-rubuce a kanta. Saboda haka a can za mu fi tsayawa, mu ɗora nazarinmu a kan littattafai biyu. Na farko shi ne High Fidelity, ƙagaggen labarin da Nick Hornby ya wallafa a Ingila a 1995. Na biyu kuwa shi ne Love Is a Mix Tape, labarin rayuwar Rob Sheffield, wanda ya fito a Amurka a 2007.

Tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce: mutumin da bai tsara ko baiti ɗaya ba, bai rera ba, bai kaɗa ba, da wace hujja za a ce ya yi fasaha? Mai musu zai ce wannan ai haɗin gambiza ne, kuma kayan aro ne, wanda Bahaushe ya ce ba ya rufe katara. Mu kuwa muna ganin akwai fasaha a ciki, sai dai ba a cikin waƙoƙin take ba. Tana wurin zaɓe, da wurin jerantawa, da kuma wurin sanin wanda za a ba. Idan wannan magana ta tabbata, to, ma'aunin da muka saba auna waƙa da shi, na jigo da salo da zubi da tsari, yana da giɓi, domin ya ɗauka cewa mai fasaha shi ne mai ƙirƙirar kalma kaɗai.

Siffar kaset da ƙa'idojin da ta haifar

Kafin mu tsunduma cikin littattafan, ya kamata mu san abin da ake magana a kansa, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu na yanzu ba su taɓa riƙe kaset a hannu ba. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, a wani bajekolin kayan rediyo da aka yi a Berlin. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Lou Ottens, ya rasu a 2021. Zaren kaset yana tafiya da saurin santimita 4.76 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ake kira C60 yana ɗaukar minti 30 a kowace fuska, C90 minti 45, C120 kuwa awa guda, amma zarensa siriri ne, rikoda na yawan taunawa. Masu haɗi sun fi son C90, wanda tsawon zarensa ya kai kimanin mita 130. A 1979 kamfanin Sony ya fito da Walkman, ya zamana mutum na iya sauraren kaset shi kaɗai a kunnensa, yana tafe a kan titi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masoya, domin saƙon ya tashi daga falo inda iyaye ke ji ya koma cikin kunne.

Ba don burge mai sauraro muka kawo waɗannan alƙaluma ba. Mun kawo su ne domin su ne arulin kaset ɗin haɗi. Kamar yadda karin waƙa ke tilasta wa marubuci ya auna gaɓoɓinsa, haka minti 45 ke tilasta wa mai haɗi ya auna waƙoƙinsa. Idan kowace waƙa tana cin minti uku zuwa huɗu, fuska ɗaya ba za ta ɗauki fiye da goma sha ɗaya zuwa goma sha biyar ba. Ke nan duk waƙar da ta shiga, wata ta kora. In lissafi ya kuskure, ko dai zare ya ƙare mawaƙi na tsakiyar magana, ko kuwa a bar dogon shiru a ƙarshe, wanda mai sauraro zai zauna yana jiran abin da ba zai zo ba.

Har ila yau, kaset fuska biyu gare shi, don haka yana da mabuɗi biyu da marufi biyu. Tsakaninsu akwai ɗan lokacin da mai sauraro zai tashi ya fitar da kaset ya juya shi da hannunsa. A nan ne yake yanke shawara, ko ya ci gaba ko ya ajiye. Mai haɗin da ya ƙware ya san haka, shi ya sa yake kula da waƙar ƙarshen fuska ta farko kamar yadda mai tatsuniya ke kula da inda zai dakata. Daɗin daɗawa, tsallake waƙa a kaset wahala ne, sai an yi ta turawa ana tariyowa ana laluben wurin. Saboda haka yawanci a jere ake sauraro, yadda mai haɗi ya nufa. Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Wanda ke naɗa daga faifan garmaho ko daga rediyo dole ya zauna ya ji kowace waƙa daga farko har ƙarshe, yatsansa na kan maɓallin dakatarwa. Kaset na minti 90 ba ya haɗuwa a ƙasa da minti 90, kuma sau da yawa yakan ci yini guda. Wadda aka ba ta san da haka.

Kamfanonin faifai ba su ga wata fasaha a nan ba, sata suka gani. A 1981 ƙungiyarsu ta Ingila ta shiga yekuwa cewa naɗar waƙa a gida na kashe sana'ar kiɗa, kuma a 1988 ƙarar da aka kai kamfanin Amstrad saboda rikodarsa mai baki biyu ta faɗi a Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. Maganar haƙƙin mallaka magana ce mai nauyi, amma ba ita ce a gabanmu ba.

Zaɓe a matsayin fasaha

Cewa mai zaɓe yana iya zama mai fasaha ba sabon zance ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Abu Tammam, mawaƙin Larabawa da ya rasu wajen shekarar 845, an ruwaito cewa dusar ƙanƙara ce ta tsare shi a Hamadan ta ƙasar Farisa, ya zauna a ɗakin littattafan mai masaukinsa ya yi ta tsintar baitocin magabata, har ya tara diwanin Hamasa, mai babi goma, ɗaya daga ciki na bege ne. Malaman da suka biyo baya har sun ce ya fi zama mawaƙi a zaɓensa a kan waƙarsa ta kansa. Bai ɗauki ƙasidu cikakku ba, yanka ya yi, ya ɗebi baitocin da yake so ya bar saura. Haka kuma mun san tahamisi, inda malami ke gina waƙarsa a jikin ta wani, kamar yadda Ibn Muhibu ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi, har masu karatu da dama ba sa rarrabe inda wannan ya tsaya wancan ya ɗauka.

Amma akwai bambanci, kuma bambancin shi ne zuciyar al'amarin. Abu Tammam ya zaɓa ne domin duk mai jin Larabci. Mai kaset ɗin haɗi kuwa mutum ɗaya tak ya nufa. Mu ƙaddara wani saurayi ya sa waƙar ban haƙuri, nan take ya bi ta da waƙar da suka ji tare ran da suka fara haɗuwa. Babu ɗaya daga cikin mawaƙan biyu da ya ce, "Na yi kuskure, ki tuna yadda muka fara." Amma jerin ya faɗa. Ma'anar tana a mahaɗar waƙoƙin biyu, kuma in ban da budurwar babu mai iya karanta ta, domin ita kaɗai ta san wace waƙa aka sa a wancan dare. Wani ya tsinci kaset ɗin a hanya, waƙoƙi biyu kawai zai ji.

A nan ne muke ganin kusancin abin da ɗabi'ar da muka sani ta kunya. Saurayin da nauyin baki ya hana shi magana yakan tafi zance da aboki, abokin ya yi ta zuba shi kuwa yana sunkuye. Masu sauraren shirin Zaɓi Sonka a gidajen rediyonmu sun san yadda ake aika gaisuwa a bi ta da waƙa, mai saƙo ya fake a bayan mawaƙi. Kaset ɗin haɗi ɗan aike ne irin wannan. Yana da wata fa'ida da wasiƙa ba ta da ita, wato ƙofar gudu. In an karɓa, saƙo ya isa. In an ƙi, sai mai shi ya ce ai waƙoƙi ne kawai ya ga suna da daɗi.

Hornby: ƙa'ida ba tare da mai sauraro ba

Tauraron labarin Hornby shi ne Rob Fleming, mai kimanin shekara 35, mai kantin sayar da faifai a unguwar Holloway ta arewacin Landan. Labarin ya buɗe ne da rabuwarsa da budurwarsa Laura, wadda lauya ce. Cikin waiwayen da yake yi, ya ba da labarin kaset ɗin farko da ya haɗa mata lokacin da yake sa faifai a wani gidan rawa, bayan ta zo ta tambaye shi wata waƙa ta Solomon Burke. A nan ne ya kwatanta haɗa kaset da rubuta wasiƙa, saboda yawan gogewa da sake tunani da komawa farko. Ya kuma jero ƙa'idojinsa. A buɗe da waƙar da za ta kama kunne. Ta biyu ta ɗara ta farko zafi, ko kuwa ta ɗan sassauta. Kada a sa waƙoƙi biyu na mawaƙi ɗaya a jere, sai dai in duk kaset ɗin bibbiyu aka tsara shi. Kada a gwama kiɗan baƙar fata da na farar fata, sai in na farar fatan ya yi kama da na baƙar.

Waɗannan 'yan layuka sun fi duk sauran littafin shahara, musamman bayan an mai da shi fim a shekarar 2000, aka ɗauke labarin daga Landan aka kai shi Shikago. Mutane da dama sun ɗauke su kamar darasi. A ganinmu wannan kuskuren karatu ne. Ƙa'idoji biyu na farko suna da tushe, domin magana ce ta hawa da sauka, wadda duk makaɗi ya sani. Ta uku maganar kauce wa maimaici ce. Ta huɗu kuwa ba ta da alaƙa da kunne ko kaɗan. Gado ce daga yadda kasuwar faifai ta Amurka ta daɗe tana raba kiɗa bisa launin fata, Rob ya haɗiye ta ya mai da ita dokar fasaha. Amma babban abin lura shi ne wanda ba ya cikin jerin. Duk ƙa'idojin nan babu inda aka ambaci Laura. Ba a ce a binciki abin da take so ba, ko abin da ta taɓa ji, ko inda za ta saurara. Zubi da tsari ne tsantsa, an bar mai sauraro a waje.

Mu a fahimtarmu Hornby da gangan ya yi haka, kuma a nan gwanintarsa take. Rob da yaran kantinsa biyu, Dick da Barry, sun yi imani cewa abin da mutum ke sauraro ya fi halinsa muhimmanci. Kaset ɗin Rob jarrabawa ce ya ɓoye cikin rigar kyauta: ga abin da na sani, in kin so shi kin ci, in ba ki so ba sai a koya miki. Marubucin ya bi wannan aƙida yana warware ta sannu a hankali. Laura ta kai Rob gidan wasu abokanta, ya ji daɗin zama da su ƙwarai, sai daga baya aka nuna masa faifansu, ya tarar duk irin waɗanda yake rainawa ne. Ta kuma fahimtar da shi cewa a daren farkon nan shi ne ya burge ta fiye da waƙar. Wato saƙon ya isa, amma ba ta hanyar da mai aikawa ya zata ba.

Wurin da ya fi ƙarfi a littafin, a ganinmu, yana kusa da ƙarshe. Bayan sun shirya da Laura, wata 'yar jarida ta zo hira da Rob, sai ga shi zaune yana haɗa mata kaset. Bai taɓa ta ba, bai furta mata kome ba, amma shi da mai karatu duk sun san abin da yake yi. Da kaset ɗin haɗi tarin waƙoƙi ne kawai, da babu laifi a nan. Jin da mai karatu ke yi cewa an fara cin amana shi ne babbar shaida cewa kaset ɗin magana ce. A shafin ƙarshe Rob ya fara tsara wa Laura wani kaset a zuciyarsa, wannan karon na waƙoƙin da ta sani kuma za ta saurara. Sai dai muna da ƙorafi ɗaya. Hornby bai nuna mana wannan kaset ba, kuma bai taɓa barin mu ji Laura tana sauraren ko ɗaya ita kaɗai ba. Littafin da ya zargi tauraronsa da rashin sauraren mace, shi ma daga bakin namijin kaɗai muka ji shi.

Sheffield: kaset bayan mai shi

Littafin Sheffield ba ƙage ba ne. Marubucin, wanda ya yi suna da sharhin kiɗa a mujallar Rolling Stone, ya haɗu da matarsa a garin Charlottesville na jihar Bajiniya a 1989, suka yi aure a 1991, ta rasu farat ɗaya a watan Mayu na 1997 sakamakon gudan jini da ya toshe mata jijiyar huhu. Kowane babi yana buɗewa da jerin waƙoƙin wani kaset, fuska ta farko da ta biyu, tare da lokacin da aka haɗa shi.

Bambancinsa da na Hornby a fili yake. A nan mutum biyu ne ke haɗawa, ita ma tana yi, kuma ba don neman shiga kaɗai ba. Akwai kaset na rawa, na barci, na tafiya a mota, har da na wanke kwanuka. Abin ya tashi daga toshi ya zama kayan ɗaki. Wannan ya gyara mana wani zato da muka shigo da shi, cewa kaset ɗin haɗi ɗan aiken mai kunya ne kurum. Bayan an daina jin kunya ma yana da aiki, yakan zama ma'ajiyar kwanakin da aka yi tare.

Mai karatun da bai san mawaƙan Amurka na shekarun 1990 ba zai gaji da wannan littafi a wurare da yawa. Sunaye sun yi yawa, kuma marubucin yakan ɗauka kowa ya san abin da ya sani. Jerin da ke kan kowane babi, ga irinmu, kamar sunayen mutanen wani gari ne da ba mu taɓa zuwa ba. Wannan aibi ne, ba mu ɓoye ba. Amma da muka sake dubawa sai muka ga ko Ba'amurken da ya haddace waƙoƙin duka bai fi mu da yawa ba. Ya san waƙoƙin, bai san dalilin da ya sa wannan ta bi waccan ba. Mutum biyu ne suka sani, ɗaya ta rasu. Shafuffukan da ke biye da kowane jeri sharhi ne, irin wanda malami ke yi wa matani mai wuya, kuma ba don sharhin ba da matanin ya rufe har abada. Babin farko, inda yake zaune da dare yana sauraren wani kaset da ta haɗa a 1993, yana jin zaɓenta waƙa bayan waƙa, ya fi duk ƙa'idojin Rob Fleming bayyana abin da jeri ke ɗauke da shi. Babu muryarta a zaren, amma ita ce ta yanke shawarar abin da zai biyo bayan kowane shiru.

Abin da ya rage a hannu

Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982, kuma da kwamfuta ta ba mutane damar naɗa shi a gida wajen ƙarshen shekarun 1990, sai fuska biyu ta koma ɗaya, tsallake waƙa ya zama danna maɓalli. Spotify ya fara aiki a 2008. A yau ana haɗa jerin waƙoƙi a waya cikin minti kaɗan a tura wa masoyi, kamar yadda a kasuwanninmu masu tura waƙa a waya suka gaji masu naɗar kaset. Ba mu cikin masu cewa fasahar ta mutu. Zaɓe yana nan, sanin wanda za a ba yana nan. Abin da ya raunana shi ne jeri, domin babu iyakar minti 45 da za ta tilasta a bar wata waƙa, kuma mai karɓa na iya umartar na'ura ta cakuɗa su yadda ta ga dama. Jerin da ke intanet kuma mai shi na iya sauya shi bayan an ɓata, ko ya share shi ɗungurungum, alhali kaset in ya bar hannu ya bari ke nan.

Wannan ya kawo mu ga wata matsala ta aiki, wadda ta shafi duk mai son nazarin waɗannan kaset-kaset kafin zafi da ƙura su cinye zarensu. Ɗakunan adana sauti sun saba neman abin da babu irinsa, saboda haka in aka kawo musu kaset mai ɗauke da waƙoƙin da ke ko'ina a kasuwa, sai su ga babu abin ajiyewa. In ma sun juye shi a kwamfuta, sukan yanka shi waƙa-waƙa, kowace da sunanta, a zubar da shirun da ke tsakani. Wanda ya yi haka ya adana kayan aron ya jefar da ɗinkin. Abin da ya kamata a juye shi ne fuska sukutum, daga ƙarar maɓallin farko har inda zare ya ƙare. A ɗauki hoton takardar cikin kwanso, da rubutun hannun da ke kanta, da sunan da aka raɗa wa kaset ɗin, da wuraren da aka soke aka sake rubutawa. In mai karɓa yana raye kuma ya yarda, a tambaye shi, in kuwa bai yarda ba a ƙyale, domin wasiƙarsa ce.

A kuma duba saman kaset ɗin. Akwai wasu 'yan harsuna biyu na roba a kusurwoyinsa, ɗaya na kowace fuska, waɗanda in aka ɓalle su rikoda ba za ta yarda a naɗi wani abu a kai ba. Mai haɗin da ya ɓalle su kafin ya miƙa ya faɗi wani abu game da nufinsa. Wani lokaci kuma akan tarar an liƙe ramukan da salatif, an naɗi wani abu dabam a kan waƙoƙin, takardar kwanson tana nan da tsohon jerinta.